Haruffa Uku da Suka Tsayar da Malam Meshak

Meshak Kumai ɗan Madakiya ne, a gidan noma aka haife shi, kuma da abubuwa sun tafi yadda mahaifinsa ya tsara, da a gona zai ƙare kamar yayyensa. Tsohon yana noman acca da dawa da gwaza, bai damu da boko ba, sai dai fasto ya matsa masa cewa ko yaro ɗaya ne ya bayar ya koyi karanta Littafi Mai Tsarki. Da ya duba 'ya'yansa sai ya zaɓi Meshak, ba don ya hango wani abu a tattare da shi ba, sai don shi ne mai ƙaramin jiki, kuma idan aka yi huɗa layinsa ya fi na kowa karkacewa.

Da harshen Jju ya tashi a gida. Hausa a majami'a da kasuwa ya tsince ta, Turanci kuwa da bulala ya shige shi. Lissafi ne kaɗai ya zo masa salin alin. Da ya gama ƙananan azuzuwa aka tura shi Kafanchan wurin kawunsa, lebura a reluwe, don ya ƙarasa firamare, a can kuma ya faɗa hannun Malam Celestine.

Celestine ɗan ƙabilar Ibo ne, amma a kan layin dogo ya girma, domin mahaifinsa ma'aikacin jirgi ne da aka yi ta yawo da shi daga tasha zuwa tasha. Hausarsa irin ta 'yan layi ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma babu abin da ba zai iya faɗa da ita ba. Dogo ne, mai saurin tafiya, hannunsa kullum fari fat da alli. Shi ya lura yaron nan na gefen taga yana gama aikinsa ya zauna yana kallon waje, sai ya fara ba shi lissafin 'yan sakandare bayan an tashi. Doka ɗaya ya kafa masa: kada ya kuskura ya tsallake abin da bai gane ba. Meshak ya riƙe dokar nan da hannu biyu, har ta zama halinsa.

Yana kwalejin horon malamai a wani gari lokacin da rikicin shekarar sittin da shida ya auku. Da ya dawo hutu ya tarar unguwar da su Celestine ke zaune ta zama kufai. Gidan malamin nasa babu ƙyaure, awaki na kwance a tsakar ɗaki. Wasu suka ce sun gan shi da iyalinsa a tasha ana tura su cikin jirgi, wasu suka ce ba shi ba ne. Bayan wannan mutane suka daina maganar, shi ma ya daina tambaya.

Ya gama kwaleji, aka dawo da shi Madakiya yana koyarwa a firamare. Ya auri Angelina, 'yar Samaru Kataf, mace mai ƙarfin aiki da ƙarancin magana, suka haifi 'yarsu ta fari, Lucia. Harshensa da nata 'yan uwan juna ne, suna jin juna sarai, amma idan magana ta yi nauyi Hausa suke komawa. A gari kuwa ba a kiransa da sunansa, Malam Lissafi ake ce masa. Idan za a raba gonar gado, ko za a auna katakon rufin majami'a, shi ake aikawa a kira.

A shekarar saba'in da uku ya ƙudura zai zauna babbar jarrabawar da ake shiga jami'a da ita, a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Babu mai koya masa, don haka ya yi rajista da wata makarantar ƙasar waje mai aiko da darussa ta gidan waya. Ranar Asabar sai ya hau keke zuwa Kafanchan, ya karɓo ambulan, ya aika da amsoshin wanda ya gabata. Idan an tashi makaranta da rana, yara sun watse, sai ya zauna shi kaɗai a aji ya cika allo, ya goge, ya sake cikawa. Shekarar farko ta wuce lafiya. Takardunsa na dawowa da maki mai kyau, har wani mai dubawa ya taɓa rubuta masa kalmar yabo a gefe.

Da faɗuwar damina ta gaba aka shiga kalkulas, wato lissafin da ke auna yadda abu yake canzawa, da saurin canzawar. Darasin farko ya yi masa daɗi ƙwarai. An yi misali da jirgin ƙasa yana barin tasha, yana ƙara gudu kaɗan-kaɗan, ana so a san gudunsa a daidai wani lokaci. Meshak ya sha tsayawa a tashar Kafanchan yana kallon wannan da idonsa, bai taɓa sanin akwai lissafin da ke kama shi ba. Ranar ya koma gida yana ta ba Angelina labari tana tankaɗe, tana gyaɗa kai.

A darasi na gaba ne ya ci karo da su. Tambaya ta ce a nemo canjin y, sai ga haruffa uku, kowanne da ɗigo a bayansa, w.r.t., sannan x. Ya koma shafukan baya bai ga inda aka yi bayaninsu ba. Ya duba ƙarshen darasin, babu. Marubucin ya sako su ne kamar yadda ake sako sunan maƙwabci a hira, wanda ake zaton kowa ya san shi.

Shi dai abin da ya sani a aljebra, ɗigo tsakanin haruffa alamar ninkawa ce. Saboda haka ya ɗauka w ce aka ninka da r, aka ninka da t. Ya ma samo musu ma'ana: w nauyi, r nisan tsakiyar da'ira zuwa bakinta, t kuma lokaci, domin haka ake amfani da su a fiziks. Amma me nauyi yake yi a tambayar da babu abin ɗagawa a cikinta? A tambayoyin farko ya lura ko da ya yi kamar bai ga haruffan ba, ya bi misalin da aka bayar, amsa tana fitowa daidai. Wani da ya wuce abinsa. Shi kuwa abin ya tsaya masa a rai, don ya san yana samun amsar ne ba tare da ya san dalili ba.

Daga nan tambayoyi suka ƙara tsauri. Aka kawo ta da'ira, aka rubuta haruffan nan uku, aka bi su da wata r. Aka kawo ta gudu, aka bi su da wata t. Meshak ya ce lallai t biyu ke nan, t sau t. Ya zauna ya yi aiki mai tsawo, mai tsabta, layi bayan layi, ya fito da amsoshin da shi kansa ya ji a jikinsa ba su yi kama da gaskiya ba.

Ya nuna wa hedimasta. Hedimasta ya ɗauko ƙamus ɗin ofis, suka duba tare, babu. Ya nuna wa fasto, fasto ya ce a makarantar Baibul sun sha gajerce-gajercen sunayen littattafai, amma wannan ba ya ciki. Akawun tashar jirgi, wanda aikinsa ke nan gajerun kalmomin waya, ya juya takardar ya ce a aikinsu dai babu irinta, wataƙila kuskuren maɗaba'a ne. Meshak ya taka keke har wata sakandare mai nisa inda aka ce akwai Ba'indiye mai koyar da lissafi, ya tarar mutumin ya tafi ƙasarsu hutu, ba a san ranar dawowarsa ba.

Daga ƙarshe ya rubuta tambayar a ƙasan takardar amsoshinsa, cikin ladabi, ya aika. Dawa ta fitar da kai kafin amsa ta dawo. Da ya buɗe ambulan a bakin gidan waya, sai ya ga an bi aikinsa duka an soke da jan biro. Tambayar tasa ko kallonta ba a yi ba. A gefe mai dubawa ya rubuta cewa an ce ne a yi w.r.t. r, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya tambayi ma'anar abu, an amsa masa da abin.

Tun daga ranar ya daina zama a aji bayan an tashi. Yana zuwa gidan waya dai, ya karɓo sababbin ambulan ya jera su a kan akwati ba tare da ya yage bakinsu ba. Da yamma ya ɗauki fartanya ya bi Angelina gona, ya yi ta aiki ba magana. Idan wani ya kira shi Malam Lissafi a hanya, sai ya ji kamar da gayya aka faɗa. Ya fara tunanin ko dama iyakarsa ke nan, ko akwai wata ƙofa a ilimi da ba a yi ta don ɗan Madakiya ba.

Wata rana suna dawowa daga gona Angelina ta sauke itacen da ke kanta ta ce, "Baban Lucia, wannan abu guda uku da ya hana ka cin abinci, daga sama ya faɗo?"

"Ba daga sama ba."

"Mutum ne ya rubuta shi?"

"Mutum ne."

"To, ai mutum ne zai sani. Ba ka same shi ba ne tukuna. Ni dai ban yarda kanka ne ya lalace ba."

Maganar ta zauna masa.

Bayan an yanke acca, Mijinyawa ya zo gari da buhunansa. Bahaushe ne mai sayen hatsi, kakanninsa ma a kasuwar yankin suka yi kasuwanci, ya san kowa, kowa ya san shi. Yana awo a ƙofar gidan su Meshak sai ya ɗago ya ce, "Af, Malam, ka kuwa ji malaminku ya dawo? Dogon nan na makarantar mishan, Celestine. Ya buɗe ɗan kemis a bayan rumfata a kasuwar Kafanchan. Na ɗauka ka sani."

Meshak ya matso kusa da shi. "Yana da rai?"

"Yana da rai," in ji Mijinyawa. "Amma ka shirya idonka kafin ka je."

Asabar ta zo, ya je Kafanchan, ya karɓi ambulan, ya zagaya kasuwa ta wata hanya ya dawo gida. Ba ya jin ya yi wa mutumin laifi, ba ya ma garin lokacin da abin ya faru. Sai dai bai san da wace fuska ake tsayawa gaban wanda aka kora daga gari da gudu ba, balle a ce masa an zo da tambayar lissafi. Sai a Asabar ta gaba, da Angelina ta ɗaure masa doya a bayan keke ta ce ba za a je gaida babba hannu rabbana ba, sannan ya tafi.

Shagon ƙarami ne, kanta ɗaya da benci. Mutumin da ke zaune a ciki ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kansa ya yi fari. Ya dubi Meshak na ɗan lokaci.

"Kumai," ya ce. "Na gefen taga."

"Ni ne, Sa."

"Ka zama babba. Zauna."

Meshak ya rusuna ya gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, sannan bakinsa ya wuce da kansa kamar yadda gaisuwa ta saba, ya ce yaya iyali. Kalmar na fita ya so ya maido ta.

Celestine ya gyara wata kwalba a kan kanta. "Hellen yana nan. Ka tuna shi, ƙaramin yarinyan? Yana gida wurin ƙanwana, yana makaranta." Ya sake gyara kwalbar. "Shi kaɗai."

Matarsa da 'ya'yansa maza biyu sun tsira daga Kafanchan, sun isa gida lafiya. Yunwar yaƙin basasa ce ta ɗauke su daga baya. A gajarce ya faɗa, yana kallon hanya. Ya ce ya dawo ne don a can ko'ina ya juya kabari yake gani, nan kuwa aƙalla ya san tituna. Meshak ya ce, "Ubangiji ya ta'azantar da kai, Sa." Da ya tambaya ko zai koma koyarwa, Celestine ya girgiza kai ya ce ya bar alli, ba ya son ko ganinsa. Ambulan ɗin da ke cikin aljihun Meshak ya koma Madakiya yadda ya zo.

Haka ya riƙa zuwa duk Asabar. Wani lokaci da doya, wani lokaci da tuwon acca a kwano daga Angelina. Su zauna a benci, su yi maganar ruwan bana, da wanda ya mutu, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Wani lokaci ma ba sa cewa komai, Mijinyawa ne ke leƙowa daga rumfarsa ya cika musu shirun da labarin kasuwa.

Ana gab da Kirsimeti, wata Asabar da rana, kasuwa ta lafa, Celestine ya nuna aljihun Meshak da haɓa. "Wannan takarda da kake zuwa da shi kana komawa da shi, sammaci ne? Ko ni ne ba ka so in gani?"

"Ba komai ba ne, Sa."

"Kumai, na koyar da kai. Ba ka iya ƙarya ba tun kana yaro. Kawo."

Meshak ya miƙa masa. Celestine ya sa tabarau, ya bi aikin da yatsa tun daga layin farko. Ya kai inda aka ninka w da r da t, ya tsaya. Ya ci gaba, ya kai wurin t sau t. Sai kafaɗunsa suka fara motsi, dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta fito ba, ta zo da tari, har Mijinyawa ya taso da sauri ya ga ko lafiya. Meshak ya sunkuyar da kai, kunnuwansa na zafi.

"Yi haƙuri," in ji Celestine yana share ido. "Ba kai nake wa dariya ba. Tun yaushe kake fama da wannan?"

"Tun farkon damina."

Dariyar ta ɗauke. Celestine ya jawo wani kwalin magani, ya karɓi biron Meshak, ya rubuta kalmomi uku na Turanci, kowace a ƙarƙashin harafinta: with respect to.

Meshak ya karanta, ya sake karantawa. Kalmar tsakiya ya santa tun yana aji uku, ladabi ke nan, girmama na gaba. "Sa, wa ake girmamawa? x ɗin?"

"Ba ladabi ba ne a nan. Turanci ne kawai da ya yi wa lissafi katsalandan. Ma'anansa, dangane da. Shi ke nan." Ya ɗauki murfin wani gwangwani ya ɗora a kanta. "Duba. In murfin nan ya ƙara girma, faɗinsa ya canza. Amma in na tambaye ka yaya saurin canjin, dole ka tambaye ni, dangane da me? Dangane da nisan tsakiya zuwa baki? Ko dangane da lokaci, in a ce wuta ne ke buɗa shi a hankali? Amsa biyu ne daban. To haruffan nan suna nuna maka ne da wanne za ka auna. Harafin da ya biyo bayansu, shi ne ma'auninka. Su kansu ba lissafi ba ne."

Meshak ya dubi murfin, ya dubi kwalin. Cikin ɗan lokaci kaɗan duk tambayoyin da suka hana shi sukuni suka warware a kansa ɗaya bayan ɗaya, ta da'ira, ta gudu, har da waɗanda ya samu daidai bai san dalili ba. Ya zaci zai yi murna. Abin da ya ji sai wani irin ɗaci, da ya tuna damina guda ta tafi a kan abin da aka gama bayaninsa kafin mai sayen maganin ciwon kai ya gama ƙirga canjinsa.

Celestine ya gane. Ya buga yatsa a kan takardar ya ce, "Ka saurare ni. Da a ce w sau r sau t ne da gaske, wannan aiki naka babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na bi shi duka. Wanda ya rubuta darasin ne bai tuna cewa akwai ranar da shi ma bai sani ba." Ya ninke takardar ya miƙa masa. "Akwai saura?"

"Suna gida, Sa. Ban buɗe ba."

"Asabar ka kawo su duka."

Ranar Meshak bai hau kekensa ba sai da ya fita gari da nisa, turawa ya yi ta yi. Da ya isa gida ya gaya wa Angelina, ta ce, "Dangane da? Shi ke nan abin?" Ya ce shi ke nan. Ta ɗaga hannu sama ta ce an gode wa Yesu, ta shiga ta zuba masa abinci da yawa.

Daga nan shagon magani ya zama aji duk Asabar. Celestine bai taɓa alli ba kamar yadda ya faɗa, a bayan kwalaye suke aiki. Da farko yakan yi jinkiri, ya ce abin ya kwanta masa, amma kafin Ista saurinsa ya dawo, har tsawar da yake yi a da ta dawo. Sau ɗaya tak ya sake taɓo zancen yaƙi. Suna tsakiyar wata tambaya ya ajiye biro ya ce a can ma ya tara yara a gindin itace yana koya musu lissafi da tsinke a ƙasa, don kada su zauna suna jiran ƙarar jirgin sama. Ya ce kullum suna raguwa, ba don sun gaji da karatu ba, ƙafafunsu ne suka daina ɗaukarsu. Sannan ya ɗauki biron ya ce, "Ina muka tsaya?"

A Jos Meshak ya zauna jarrabawa. Da sakamako ya fito ya ci lissafi da kyau, ya faɗi fiziks, domin an sa shi gwaji da kayan da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba sai a hoto. Jami'a ba ta ɗauke shi ba. Abin ya yi masa ciwo, ya kuma san da iyali a wuyansa ba zai sake wani zagayen ba. Amma babbar kwalejin malamai ta Zariya ta karɓe shi a shekarar saba'in da shida, lokacin da gwamnati ke neman malamai ido rufe. Ya tafi, ya bar Angelina da gona da yara, don a lokacin Lucia ta samu ƙane.

Yana shekara ta biyu Mijinyawa ya aiko masa da saƙo ta bakin wani direban babbar mota cewa jikin Celestine ya yi tsanani. Da aka ba da hutu bai wuce Madakiya ba, a Kafanchan ya sauka. Ya tarar da shi kwance a ɗakin da ke bayan shagon, tari ya cinye shi, matar Mijinyawa ce ke aiko masa da kunu safe da yamma. An kai shi asibiti, an ba shi magani, an sallamo shi.

"Ina so in je gida," in ji Celestine. "Na yi zaton ba zan so ba, amma ina so. Sai dai ba zan iya jirgi ni kaɗai ba."

"Zan kai ka, Sa."

Angelina ta tsorata da ta ji. Ta ce bai taɓa zuwa can ba, bai san harshensu ba, kuma wa ya san abin da ke zuciyar mutanen da aka yi wa abin da aka yi musu. Meshak ya ce shi ma bai sani ba. Sai ta tashi ta soya musu gyaɗa, ta kira matan zumunta na majami'a suka yi addu'a a tsakar gida.

Mijinyawa da wasu 'yan kasuwa suka ɗauki marar lafiyan suka sa shi a jirgi. Tafiyar ta yi tsawo. Celestine ya jingina da kafaɗar Meshak yawancin hanya, yana barci yana farkawa. Da jirgi ya hau gadar Binuwai a Makurɗi ya buɗe ido, ya yi ta duban ruwan har suka haye. Daga tashar da suka sauka sai da suka shiga mota, daga mota aka ɗauko shi a kujera zuwa cikin ƙauye.

Hellen ta fito da gudu, budurwa ce yanzu, tana koyon aikin jinya. Ta rungume mahaifinta tana kuka. Dangi suka taru, suna kallon baƙon da ke tsaye a gefe riƙe da akwati, suna magana da harshen da ba ya jin ko kalma ɗaya. Celestine ya ɗaga hannu, ya yi musu wata 'yar gajeriyar magana yana nuna shi. Meshak bai san abin da ya ce ba, kuma bai tambaya ba. Ya dai ga wata tsohuwa ta taso ta karɓi akwatin daga hannunsa, ta kawo ruwa a kwano ta tsaya har ya wanke hannu, aka ajiye masa sakwara da miya. Kwanansa biyu a gidan. Da zai tafi Celestine ya riƙe hannunsa ya ce ya koma ya gama karatunsa, kada ya sake ya makara a komawa makaranta saboda shi.

Bai daɗe da komawa Zariya ba labarin rasuwar ya same shi. Ya nemi izini ya zo Kafanchan, shi da Mijinyawa suka kwashe kayan shagon, suka aika wa Hellen abin da ya kamata a aika, sauran magungunan suka kai wani ƙaramin asibitin mishan. Ba a jima ba wani tela ya shiga shagon da keken ɗinkinsa.

Meshak ya gama kwaleji a shekarar saba'in da tara, aka tura shi wata sabuwar sakandare a yankin Kagarko. Makarantar ba a gama gina ta ba, a wani tsohon sito da jama'ar gari suka ba da aro aka fara karatu, ƙamshin citta bai ma bar bangon ba. Shi kaɗai ne malamin lissafi, shi ne kuma aka ɗora wa kula da wasanni da ƙungiyar mawaƙa, duk da bai iya ko ɗaya ba. Angelina ta biyo shi da yara bayan an gama girbi, ta samu ɗan fili a bayan makaranta, kafin wata damina ta zagayo ta riga ta yi huɗa ta zuba irin doya.